IPv6: Sabon adireshin intanet da abin da yake nufi ga masu POS, makarantu da manoman kudancin Kano

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ba sai an yi dogon nema ba kafin a ga rumfar mai POS. Dillalin masarar da ya sauko daga Doguwa, da mai shinkafa daga Tudun Wada, da direban da zai sha mai, duk a gabansa suke tsayawa.

Da zarar ya zura kati ya danna lambobi, sai kowa ya zuba wa 'yar na'urar ido. A cikin daƙiƙun nan kafin takarda ta fito, saƙon kuɗin ya bar rumfar, ya hau turken sadarwa, ya nufi wata babbar kwamfuta da ke iya kasancewa a Legas ko Afirka ta Kudu ko Turai, sannan ya dawo da amsa.

Saƙon ba zai je ba, ba kuma zai dawo ba, sai da adireshi. Matsalar ita ce irin adireshin da intanet ta girma a kansa ya kusa ƙarewa ƙarƙaf tun shekaru da dama. Wanda ya rage ya zama haja, ana sayar da shi da dala, ana ba da hayarsa awa-awa.

Akwai sabon tsari mai suna IPv6 da aka ƙirƙiro don magance wannan ƙaranci, kuma manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet sun riga sun buɗe masa ƙofa. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da ke kusa da gida, wato layin wayar da ke hannun mutumin Bebeji ko Kiru ko Riruwai.

Mene ne adireshin intanet?

Duk na'urar da ta hau intanet tana buƙatar lambar da za a gane ta da ita, kamar yadda kowane layin waya ke da lambarsa. Tsohon tsarin, IPv4, an rubuta ƙa'idojinsa a 1981. Lambobi ne rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.0.2.1, kuma duka-duka adireshin da zai iya samarwa kusan biliyan 4.3 ne.

A lokacin adadin ya yi kama da wanda ba zai taɓa ƙarewa ba. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ginshiƙin intanet, ya sha bayyana cewa ya amince da wannan adadi ne a shekarun 1970 bisa tunanin gwaji kawai ake yi. Yau al'ummar duniya ta haura biliyan 8, kuma mutum ɗaya na iya mallakar waya biyu da kwamfuta da na'urar POS.

An fitar da IPv6 a 1995, aka sabunta shi a 1998, sannan ya zama cikakkiyar ƙa'ida a 2017. Adireshinsa ya fi tsawo, yana haɗa lambobi da haruffa, kamar 2001:db8::1. Yawan adireshin da ke cikinsa shi ne 340 da sifili 36 a bayanta.

Wanda ya san wayar girke ta Kano zai gane dabarar. Daga farkon 2024 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙara tsawon lambobin wayar girke, lambar Kano ta tashi daga 064 ta koma 02064. Idan lambobi suka yi kaɗan, tsawaita su ake yi. Bambancin kawai shi ne a intanet tsohon tsari da sabo ba sa jin yaren juna kai tsaye, kuma a nan wahalar take.

Afirka ta iso rabo a makare

Tun farkon intanet, jami'o'i da kamfanonin Amurka suka kwashi manyan kaso. Jami'ar MIT ita kaɗai ta samu adireshi sama da miliyan 16, wanda ya fi abin da Najeriya gaba ɗaya ta mallaka. A 2017 jami'ar ta sayar wa Amazon kusan rabinsu.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011, hukumar IANA da ke riƙe da babban rumbun adireshin duniya ta raba ragowar kaso biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar. A watan Maris na shekarar Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe a kan dala miliyan 7.5, wato dala 11.25 kowanne. Shekara goma bayan haka farashin adireshi ɗaya ya kai wajen dala 50.

Hukumar da ke rabo a Afirka ita ce AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Mauritius, wadda aka amince da ita a 2005. Duk abin da ya shigo hannunta bai wuce adireshi kusan miliyan 120 ba, ga nahiyar da ke da mutum sama da biliyan 1.4. Tun Janairun 2020 ta shiga mataki na biyu na tsimi, inda mafi yawan abin da take bai wa kamfani a lokaci guda shi ne adireshi 1,024.

Ƙarancin ya haifar da rikici. Shari'a ta ɓarke tsakanin AFRINIC da kamfanin Cloud Innovation a kan miliyoyin adireshi, aka rufe asusun bankin hukumar na wani lokaci a 2021, sannan a Satumban 2023 kotu a Mauritius ta naɗa mata mai riƙo.

Akwatin gidan waya ɗaya, gari guda

Alƙaluman NCC sun nuna layukan da ke hawa intanet a Najeriya sun haura miliyan 130. To yaya aka yi suka samu wuri?

Dattawan karkara za su tuna zamanin wasiƙa, lokacin da gari guda ke amfani da akwatin gidan waya na makarantar firamare. Wasiƙa ta zo ta hannun hedimasta, shi ya san wanda zai miƙa wa. Haka kamfanonin waya ke yi. Suna ɗora ɗaruruwa ko dubban masu layi a kan adireshi guda, wata na'ura a tsakiya tana tuna wane ne ya aika me. Sunan dabarar CGNAT.

Dabarar ta yi aiki, amma tana da illa guda uku da masu waya ke gani ba tare da sanin tushensu ba.

Ta farko, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan mutum ɗaya daga cikin masu adireshin ya yi damfara ko ya cika wani shafi da saƙonnin banza, shafin na iya toshe adireshin baki ɗaya. Sai ɗalibi a Yako ko Kofa da bai san hawa ba bai san sauka ba ya ga an hana shi shiga, ko a yi ta sa shi zaɓar hotunan motoci don ya tabbatar shi mutum ne. Masu rubutu a Wikipedia daga Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa kan irin wannan toshewa.

Ta biyu, ba a iya ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa kai tsaye daga waje. Ɗan kasuwar da ya sa kyamarar tsaro a siton shinkafarsa a Tudun Wada, idan yana son dubawa daga Kano, yawanci sai hoton ya bi ta kwamfutar kamfanin da ya ƙera kyamarar a wata ƙasa kafin ya iso wayarsa.

Ta uku, bin sawun mai laifi na ƙara wuya, tunda adireshi ɗaya na nuna mutane da yawa. Rundunar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta yi kira tun 2017 da a rage dogaro da CGNAT saboda wannan dalili.

Me ya canja a cikin gajimare?

Abin da ake kira gajimare ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, waɗanda kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ke ba da hayarsu. Banki ko makaranta ko matashi mai manhaja, maimakon ya sayi kwamfuta da janareto da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya kama haya ya riƙa biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi.

Kamar babban sito ne a kasuwar Dawanau da 'yan kasuwa da yawa ke ajiya a ciki. Kowane ɗan haya ana kewaye masa sashensa, da ƙofarsa da makullinsa, shi ke tsara ɗakunan ciki, shi ke cewa wane ne zai shiga. Wannan keɓaɓɓen sashe shi Amazon da Google ke kira VPC, Microsoft kuma ke kira VNet. Ba bulo aka gina shi da shi ba, manhaja ce ke raba shi da na maƙwabci, amma kowace kwamfuta a cikinsa sai ta samu adireshi.

Shekaru da dama tsohon adireshi kaɗai ake iya sawa a waɗannan sassa. Sashen gajimare na Amazon, AWS, ya fara karɓar IPv6 a cikin VPC a Disamban 2016, a 2021 kuma ya ba da damar a gina ɗakunan da babu tsohon adireshi a cikinsu ko ɗaya. Microsoft ya buɗe nasa ga kowa a 2020, Google ma ya bi sahu.

Yalwar ba kaɗan ba ce. Kason da AWS ke bai wa ɗan haya ɗaya ya isa a yanka ɗakuna 256, kuma adireshin da ke cikin kowane ɗaki ya ninka dukkan adireshin IPv4 na duniya sau biliyan huɗu da ɗoriya.

Waɗannan gine-gine suna ƙara matsowa kusa. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Cape Town a 2020 sannan ya kafa ƙaramar cibiya a Legas a farkon 2023, Google kuma ya buɗe a Johannesburg a 2024. A Kano ma akwai cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023.

Lissafin da naira

Daga ranar 1 ga Fabrairun 2024, AWS ya fara cajin dala 0.005 a kowace awa a kan kowane adireshin IPv4 da ke fuskantar intanet, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Kamfanin ya ce kuɗin sayen adireshi ɗaya ya ƙaru da sama da kashi 300 cikin 100 a shekara biyar. Adireshin IPv6 da yake bai wa kwamfutocin haya kuwa babu irin wannan caji a kansa.

A ido kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai an lissafa. A shekara ya kama dala 43.80. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, adireshi ɗaya ya tashi a naira 65,700, dab da mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000. Cajin ya kuma fara aiki ne a daidai makon da dala ta haura naira 1,400 a kasuwar hukuma.

A ɗauki misalin matashi ɗan Kiru da ya gina manhajar duba sakamakon jarrabawa ga makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu. Idan yana da adireshi goma, naira 657,000 ke nan a shekara, tun kafin a zo kan kuɗin hayar kwamfutocin kansu. Idan ya ce zai ɓoye kwamfutocinsa a bayan adireshi ɗaya, akwai na'urar da AWS ke haya don haka, kuma a cibiyoyinsa na gabashin Amurka tana cin dala 0.045 a awa, wato kusan dala 33 a wata, ban da kuɗin bayanan da suka bi ta cikinta.

Ga babban banki ko kamfanin POS, wannan ƙaramin kaso ne na abin da yake kashewa. Amma ga ƙaramin mai sana'a, shi ne bambanci tsakanin riba da faɗuwa. Kuma duk kuɗin da aka yanka da dala, a ƙarshe a kan mai makaranta yake sauka, shi kuma ya ɗora wa iyayen yara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mai karatu zai ce, to me ya hana matashin ya watsar da tsohon adireshi ya koma sabo? Amsar tana hannun abokan cinikinsa. Idan kwamfutarsa ta koma IPv6 zalla, wayar da layinta IPv4 kaɗai yake bayarwa ba za ta iso gare ta ba, sai an sa tafinta a tsakani. Uba a Burumburum zai danna don ganin sakamakon ɗansa, shafin ya ƙi buɗewa.

Shi ya sa mafi yawan masu manhaja ke tafiya da tsari biyu a lokaci guda. Masu dabara kuma suna barin tsohon adireshi ɗaya ko biyu a bakin ƙofa don karɓar baƙi, su mayar da duk kwamfutocin ciki kan sabo.

A duniya tafiyar ta yi nisa. Tun ranar 6 ga Yunin 2012 manyan shafuka irin su Google da Facebook da YouTube suka kunna IPv6 dindindin. Daga Yunin 2016 Apple ya wajabta wa duk manhajar da za ta shiga shagonsa ta iya aiki a kan IPv6 zalla. Alƙaluman Google sun nuna sama da kashi 40 cikin 100 na masu ziyartarsa da sabon adireshi suke zuwa.

Indiya ce darasi mafi kusa. Kamfanin Jio da ya fara aiki a Satumban 2016 ya gina layinsa a kan IPv6 tun daga tushe, cikin 'yan shekaru ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya. Wayoyin talakawan karkara ne suka kai ta can, domin kamfanin layi ne ke kunnawa, mai waya ba ya ma sanin an yi.

Najeriya kuwa har yanzu tana can baya, nesa da matsakaicin duniya. Ba wayoyin ne matsalar ba, domin Android ta iya aiki da layin IPv6 zalla tun 2013. Aikin yana wurin kamfanonin sadarwa, waɗanda sai sun gyara na'urorin tsakiya da tsarin cajin data, sun kuma horar da injiniyoyi, alhali sun riga sun zuba kuɗi a na'urorin CGNAT. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana ba da IPv6, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan gidajen karkara.

Abin da ba zai gyara ba

IPv6 ba zai kafa turken sadarwa a inda babu ba. Matafiyin da sabis ya ɗauke masa a dajin Falgore ko a tsakanin duwatsun Riruwai, sabon adireshi ba zai dawo masa da shi ba. Ba zai kawo wutar lantarki ba, ba zai hana masu aikin hanya tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa ba, ba kuma zai sauke farashin data da NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 ba.

Akwai kuma batun tsaro. Na'urar da ta samu adireshin kanta ana iya isa gare ta daga ko'ina idan ba a kafa mata katangar tsaro ba. A cikin gajimare, kuskuren da aka fi yi shi ne a tsara dokokin shiga na tsohon adireshi da kyau, a yi sakaci da na sabon.

Amfaninsa yana gaba ne, lokacin da na'urori za su fi mutane yawa. Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ranar da za a sa na'urorin auna ruwa a magudanan nan, ko famfunan sola da manomi zai kunna daga wayarsa, kowanne zai buƙaci adireshi.

Tun ran gini, ran zane

A nan ne batun ya shafi shugabanni. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da manufar da ke ƙarfafa hukumomin gwamnati su fifita gajimare. A 2024 Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, Majalisar Zartarwa kuma ta amince da shirin shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Ma'ana, a shekaru masu zuwa sakatariyoyin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da ta Doguwa a Riruwai na iya ba da kwangilar intanet, da manhajar karɓar haraji, da ta biyan albashi, da ta ajiye bayanan asibitoci. Jimla ɗaya a takardar kwangila, cewa dole kayan da manhajar su yi aiki da IPv6, ba ta cin ko kwabo a ranar sa hannu. Idan aka manta da ita, bayan 'yan shekaru sai an sake sayen kaya ko a ci gaba da biyan hayar tsohon adireshi.

Gwamnatin Amurka ta yi irin wannan a Nuwamban 2020, inda ta umarci hukumominta su mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na na'urorinsu kan IPv6 zalla kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 2025. A gida, NCC ce ke da ikon matsa wa kamfanonin layi. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda ke da reshe a Kano, tana sa saƙon cikin gida ya tsaya a gida maimakon ya zaga Turai. Kwalejojin kimiyya da jami'o'in Kano kuma su ne za su yaye injiniyoyin da suka iya sabon tsari, ba tsoho kaɗai ba.

Yadda mutum zai duba wayarsa

Mai wayar Android na iya gani da idonsa. Ya kashe Wi-Fi, ya kunna data, ya shiga saituna, ya nemi sashen bayanan waya inda aka nuna adireshin IP.

Idan ya ga gajeriyar lamba kaɗai mai farawa da 10, ko wadda ta fara da 100.64 zuwa 100.127, to yana cikin masu tarayya a akwati ɗaya. Idan ya ga doguwa mai haruffa da ta fara da 2, ya samu IPv6, kuma waɗanda AFRINIC ta raba galibi da 2c0f suke farawa. Wadda ta fara da fe80 ba ta fita intanet, ta cikin gida ce.

A saitin APN ma akwai wurin zaɓar IPv4 da IPv6 tare. Zaɓar hakan ba zai haifar da komai ba idan kamfanin layin bai kunna daga wurinsa ba, amma ranar da ya kunna wayar a shirye take.

Mai POS na Kwanar Dangora ba shi da buƙatar haddace ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi. Buƙatarsa ita ce takarda ta fito kafin dillalin masara ya gaji da jira. Amma kansilan mazaɓarsa, da mai makarantar 'ya'yansa, da matashin da ya gina musu manhaja, su ya kamata su riƙa tambayar duk wanda ya zo sayar musu da intanet: kayan nan naka suna aiki da IPv6?